Ni da Surukina a Kan Dutsen Jos

Tun da muka dawo ban huta ba. In na buɗe shagona a nan Kankia, kafin in sayar da taki ko mudu ɗaya wani ya leƙo: "Lawal, wai da gaske ne kun je har Jos kun hau dutse, ba don neman komai ba?" A majalisarmu ta bakin tasha ma an ajiye maganar siyasa da tsadar mai, ni ake jira. Na gaji da maimaitawa, ga shi duk wanda na ba labarin sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai Kunduru. To ga shi nan na rubuta, wanda ya sake tambayata in miƙa masa ya karanta da kansa.

Wanda ya jawo mana wannan abu ƙanin matata ne, Sanusi. Aiki ya kai shi Jos, can ya faɗa cikin wata ƙungiya ta mutanen da Allah ya rufa wa asiri har suka rasa wahalar da za su sha. Duk Asabar sai su yi hayar bas, a kai su gindin duwatsu, su hau, su ɗauki hoto, su sauko. Sunan abin wai haikin. Na tambaye shi me ke saman dutsen, kasuwa ce ke ci ko wani malami ne ake zuwa gani? Ya ce a'a, kallo ne da motsa jini. Na ce in motsa jini yake so ya zo lokacin noman farko, akwai fartanya.

Da Sallah ya zo gida Kusada yana nuna wa mahaifinsa hotunan. Mahaifin nasa, wato surukina, ba zan faɗi sunansa ba, kun san dalili. Baba nake ce masa. Manomin gyaɗa da dawa ne, shekaru sun ja, kuma yana fama da ciwon suga. Likita ya daɗe yana ce masa ya riƙa tattaki. A cikin hotunan sai ya ga wani tsoho mai furfura tsaye a ƙololuwar dutse ya ɗaga hannu sama.

"Wanga tsoho ya hau, ni in kasa?" in ji Baba. "Ni da nike ɗaukar buhun gyaɗa a ka, daga nan har kasuwar Kankia da ƙahwa? Ku shirya mani, sai na tahi."

Duk gidan babu mai iya tanƙwara shi. Da yake ni ke da mota, komin tsufanta, sai abin ya faɗo kaina. Ana gobe za mu tashi matata Rabi ta zaunar da ni.

"Malam, ka san maganin Baba. In ya sha shi da safe bai ci komai ba, sugansa faɗuwa yake yi. Sai zufa, sai karkarwa, in ba a yi sauri ba sai suma. Sanusi ba shi da lura, hankalinsa na kan waya. Kai na ba amanarsa. Don Allah ka tabbata ya ci abinci."

Na ce, "Rabi, ta yaya? Tun da na aure ki kin taɓa ganin Baba ya tauna ko goro a gabana?"

Gaskiya na faɗa. Mu dai haka muka taso, suruki ba ya cin abinci a gaban surukinsa. In na je Kusada, kwanona daban ake kai mini wani ɗaki, shi kuma ko ruwa zai sha sai ya tashi ya shige ciki. Ni ma ban taɓa kai loma baki yana gani ba. Sai Rabi ta ɗura mini dabino a leda da lemon roba mai zaƙi, ta ce in riƙe su a jikina ko'ina muka je.

Da safe na isa Kusada. Baba ya fito cikin babbar riga ta shadda, da hula zanna, da takalmi sau-ciki, da sandarsa, kamar wanda zai je ɗaurin aure. Na durƙusa na gaishe shi, ya shiga baya ya zauna. Muka bi ta Bichi muka ratsa Kano, muka ɗauki hanyar Jos. Hirarmu duka ba ta wuce "Sannu, Baba" da "Yauwa, Malam" ba.

A wani shinge wajen iyakar jiha wani mai kaki ya tsayar da mu, ya leƙo ya ce ina zuwa. Kafin in shirya ƙaryar da ta dace, Baba ya ce, "Hawan dutsi za mu." Mutumin ya dubi babbar rigar, ya dube ni, ya ce in buɗe but. Ya birkice kayanmu tas yana neman diga da shebur, don shi a saninsa ba mai barin Katsina ya tafi dutsen Filato sai mai haƙar ma'adini. Da bai samu ba ya sake tambaya, "To in kun hau me za ku yi?" Na ce mu sauko. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce mu tafi, Allah ya ba mu lafiya.

Maganar abinci kuwa a hanya na samo mata dabara. A Saminaka na tsaya na sayo waina da tsire, na ajiye a kujerar baya ban ce komai ba. Sai na ce inji ya yi zafi, na fita na ɗaga bonet na laɓe a bayansa. Baba ya ci nasa a ciki, ni na ci nawa a tsaye kamar ɓarawo. Matsalar kawai wani bakanike ne da ya hango bonet a buɗe ya taho da gudu da sifanarsa. Na ce masa lafiya lau motar take, ya ce ai daga nesa ya ji ƙarar ba daidai ba, alhali motar a kashe take. Da ƙyar na raba shi da kafireto.

Mun shiga Jos da yamma. Sanusi ɗaki da falo gare shi, don haka Baba ya ɗauki ɗakin, shi ya kwana a falo, ni na kama wani masauki a bayan layinsu. Sanyin garin nan ba irin namu ba ne, ruwan alwala sai ka ce daga firij aka ɗebo shi. An kawo mini wani abinci wai gwate, acca ce da ganye da ƙashi an dama su wuri ɗaya. Na ɗanɗana na ce ai wannan fate ne, sai dai ya yi makaranta. Dankalin Turawa kuwa har ka ƙi shi, ko'ina ka juya shi ne.

Da sassafe muka haɗu da 'yan ƙungiyar a wani gidan mai. Jama'a, na ga abin mamaki. Manyan mutane, masu furfura da tumbi, wai ma'aikatan banki da lauyoyi, sun fito da gajeren wando gwiwa a waje. Kowa ya goya jaka a baya, daga cikinta wani siririn tiyo ya zagayo kafaɗa zuwa baki, in ƙishi ya kama shi sai ya tsotsa yana tafiya. Kowa da sandunan ƙarfe biyu, hagu da dama, alhali ƙafafunsa lafiya lau. Da suka ga Baba sai suka yi masa caa, "Dadi! Dadi!", wato Baba da Turanci, kowa na son hoto da shi. Shi kuma ya gyara tsayuwa ya ɗaga sanda, abin ya yi masa daɗi.

Na ja Sanusi gefe na ce, "Baba ya karya?"

"Ya dai sha magani. Ai a bas za a raba karin kumallo, Yaya, kada ka damu."

Shugabar tafiyar wata mata ce gajera mai suna Rifkatu, da usur rataye a wuya. Ta tara mu ta faɗi dokoki: ba a yar da shara, ba a barin hanya, kuma kowa za a haɗa shi da abokin tafiya. Duk inda abokinka yake nan kake, ba ka barinsa ko na ƙiftawar ido har a sauko. Ta bi mutane tana haɗawa biyu-biyu. Da ta zo kanmu ta yi murmushi ta ce, "Ku kam 'yan gida ɗaya ne, an gama. Malam Lawal, kai da Baba."

A bas ma haka aka zaunar da mu, kafaɗa da kafaɗa, abin da bai taɓa faruwa ba tun da aka ɗaura mini aure. Aka bi layi ana miƙa burodi da dafaffen ƙwai da shayi a kofin roba. Baba ya karɓa, ya dubi taga, ya ce, "Alhamdu lillahi, a ƙoshe nike." Ya miƙa wa na gabansa. Ni ma na miƙa nawa, don ba zan zauna ina ɓare ƙwai a gefen surukina ba.

Da muka sauka a gindin dutsen na sake tare Sanusi. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, wannan kunyar taku ta ƙauye ku bar ta a Kusada mana. Nan Jos ne." Ya saɓa jakarsa ya yi gaba wajen masu hoto. Sai na lallaɓa wajen Rifkatu, na yi ƙasa da murya na yi mata bayani, ina roƙon ta canja mini aboki ko na ɗan lokaci. Matar nan tana da kirki, amma ba ta da sirri. Ta juya ta ɗaga murya, kowa na ji: "Haba Baba! Wai kunyan Malam Lawal kake ji? Ka ci abinci mana, ai ɗanka ne!" Mutane suka yi dariya, wata har da tafi. Baba ya yi kamar ba da shi ake ba. Na san daga wannan lokacin ko da wuƙa aka sa masa a wuya ba zai ci ba.

Aka fara hawa. Da farko Baba ya ba su mamaki, ya naɗe babbar riga ya ɗora a kafaɗa, yana wuce masu sandunan ƙarfe yana yi musu sannu. Duk gonar da muka gifta sai ya tsaya ya duba ƙasar, ya ce wannan ba za ta yi gyaɗa ba. Ni kuwa ina bayansa, don ba zan shiga gabansa ba. Inda dutsen ya yi tsayi, su sai na sama ya jawo hannu, na ƙasa ya tura ɗuwawu, mace ko namiji ba ruwansu. Ni da na zo wurin sai na tsaya ina kallon sama, Baba ya yi ta fama shi kaɗai har ya haye.

Na gwada dabarata ta hanya. Na ajiye ledar dabinon a kan wani dutse kusa da shi, na sulale bayan wani. Ban gama laɓewa ba na ji usur, fiiit! "Malam Lawal! Ina abokin tafiyanka?" Na dawo. Can gaba na ce zan kewaya. Sai Rifkatu ta busa usur ta tsayar da layin gaba ɗaya, mutane suka zagaye Baba suna jirana, suna yi masa tayin biskit da ayaba, kowa ya zuba masa ido. Na dawo na tarar da shi ya haɗa hannu a kan sanda yana cewa ya gode. Su kuwa ci suke yi kamar awaki, a tsaye, a tafe, baki cike suna magana.

Da rana ta ɗaga sai na ga tafiyar Baba ta canja. Ya daina yi wa mutane sannu. Waɗanda ya wuce ɗazu suka wuce mu ɗaya bayan ɗaya. Akwai wani da aka sa ya riƙa bin bayan kowa don kada a bar wani, amma shi ma ya tsaya can ƙasa wajen wani mai ƙiba da jijiya ta riƙe wa ƙafa. Muka shiga wani lungu tsakanin manyan duwatsu, ba na gaba ba na baya, daga ni sai shi.

Nan ya zauna. Ba zaman hutu ba, zaman wanda ƙafa ta ƙi. Duk sanyin wurin nan zufa ce ke zubo masa har gemu, hannunsa na rawa a kan sanda. Na ce, "Sannu, Baba." Ya dube ni ya ce, "An ɗaure jakin?" Mu da muka bar jaki a Kusada.

Tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba. Na ƙwala wa Sanusi kira, ba amsa. Waya ba sabis. Na zuba masa dabino a cinya, na buɗe lemon na ajiye kusa da hannunsa, na juya masa baya na fuskanci dutse. Har a wannan halin, ku ji fa, juya baya na yi. Ina tsaye ina sauraren in ji tauna, sai na ji dabinon na gangarowa ƙasa ɗaya-ɗaya. Na waiwaya. Ya kife gefe guda, hularsa ta faɗi, kansa a buɗe, abin da ban taɓa gani ba.

Na durƙusa na tallafo kansa na ɗora a hannuna, na kai robar lemon bakinsa. Idonsa a buɗe yake, ya dube ni, kuma wallahi ya gane ni, don sai ya datse haƙora ya kau da fuska. Mutum yana bakin mutuwa, amma abin da ya rage masa na hankali ya tattara shi wajen jin kunyata.

Raina ya ɓaci. Ban san lokacin da na ɗaga masa murya ba.

"Baba, buɗe bakinka! In ka mutu a nan, ni zan saɓa ka in sauka da kai, 'yan gajeren wando na ɗaukar mu hoto. Kuma in an tambaye ni a Kusada ba zan ɓoye ba. Zan ce yunwa ta kashe ka a kan dutsen Jos da dabino a cinyarka. In ce wa Rabi me? Buɗe, na ce!"

Sannan a hankali ya buɗe. Na riƙa ɗura masa kaɗan-kaɗan yana haɗiyewa, lemon na zuba a gemunsa ina sharewa da hannun rigata. Na ɓare dabino na cire ƙwallon na sa masa a baki da yatsuna, ya tauna. Hawaye na zubo mini, ban damu in ɓoye ba. Can rawar hannun ta lafa, idonsa ya dawo daidai. Ya ɗaga kansa daga hannuna ya zauna da kansa. Maganar farko da ya yi ita ce, "Hulata." Na ɗauko na kakkaɓe na miƙa masa da hannu biyu.

Sai ga usur, sai ga Rifkatu da Sanusi sun gangaro da gudu. Da ta ji abin da ya faru ta yi ta faɗa, rabi da Hausa rabi da Turanci, ta ce a rayuwarta ta ga masu karaya da masu suma don gajiya, amma ba ta taɓa ganin wanda kunya ta kayar ba. Ta sa Baba ya ci burodi, wannan karon ta kore ni da kanta. Sanusi kuwa ya yi tsuru-tsuru, bakin nan mai cewa ƙauye ya mutu. Rifkatu ta ce hawa ya ƙare mana, aka haɗa mu da mutum biyu suka rako mu ƙasa.

Saboda haka masu tambayata me ke saman dutsen, ban sani ba, ban kai ba. Na dai ga hotunan waɗanda suka kai. Sun tsaya sun ɗaga hannu, a bayansu kuma wani dutsen ne.

Washegari muka kamo hanyar gida. Sanusi ya biyo mu don tsoron abin da yayarsa za ta yi masa in ta ji a waya, shi ya riƙa kula da cin Baba. Daga Jos har Kano, daga Kano har Bichi, Baba bai ce mini uffan ba. Ko "Yauwa, Malam" ɗin babu. Na riƙa satar kallonsa a madubi, fuskarsa na waje. Na ce a raina shi ke nan. Na ga kansa ba hula, na sa masa yatsa a baki, na daka masa tsawa kamar ɗan cikina. Mutumin da ya ba ni 'yarsa, wanda bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ransa dai ya tsira, amma na tabbata ba zai sake yarda mu haɗa ido ba, kuma abin ya dame ni ƙwarai, don ina ƙaunar tsohon nan.

Mun isa Kusada bayan la'asar. Ƙannen Baba da maƙwabta suka cika zaure ana yi masa barka da dawowa. Na gaisa da kowa, na ce zan wuce Kankia kada dare ya yi mini. Baba bai dube ni ba ya ce, "Zamna." Na zauna can bakin ƙofa.

Aka fito da abinci daga cikin gida kamar kullum, kwanonsa daban, nawa daban za a wuce da shi ɗakin baƙi. Sai Baba ya ɗaga hannu.

"A maida wancan. Kwano guda ya isa."

Ƙaninsa ya dube shi, ya dube ni. Baba ya jawo kwanon gabansa, ya buɗe, ya wanke hannu, ya turo mini ruwan. Ya ce, "Matso, Malam." Na matso. Ya yi bisimilla, ya yanko loma, ya kai baki a gabana, a gaban kowa, ya tauna a natse. Ni kuwa hannuna ya ƙi tashi daga cinyata. Na sunkuyar da kai ina kallon tabarma.

Ya haɗiye, ya dube ni ido cikin ido, ya ce, "Ka ci mana. Ko sai na riƙe maka kai?"

Na sa hannu. Tuwon dawa ne da miyar kuka, an ce mini ya yi daɗi.